Rigar Da Ta Dawo Agege

"Na ce ya zo, ban ce na ba shi ba. Ki rarrabe tsakanin maganganun nan biyu, Nuriyya."

Alhaja Mero ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai daga garin alabon da take tankaɗewa ba. Nuriyya ta ce, "To, Mama," ta haɗiye sauran maganar da ke bakinta.

Ko wannan ɗin ma ba da sauƙi ta same shi ba. Tun kafin azumi take kuka, take ƙin abinci, take turo manya su roƙa mata, kafin aka yarda Sadisu ya tako gidan ya gaida Baffa Audi, ƙanin mahaifinta, wanda aurenta ke hannunsa tun rasuwar mahaifin nata, Alhaji Zubair.

Laifin Sadisu ɗaya ne, amma a gidansu Nuriyya ya isa: ɗan ci-rani ne daga wani ƙauye a ƙasar Zamfara. Su kuwa a Agege aka binne cibiyarsu. Kakan kakansu sojan Turawa ne da ya ajiye bindiga ya kama cinikin goro a bakin tashar jirgi. Hausarsu ta sha Yarbanci har ta ƙoshi, cikinsu akwai wanda bai taɓa wuce Ibadan ba, amma in ana maganar asali sai ka rantse jiya suka sauko daga kan Dala.

Abin da ya fi ci wa Nuriyya rai shi ne, a ƙofar gidan nan nasu aka haifi Ƙungiyar Rufin Asiri. Mahaifinta ne ya kafa ta da 'yan unguwa. Ba ta gwamnati ba ce, ba ta Bature ba. Wannan gida ya kawo mudun shinkafa, wancan ya kawo kayan sawa, mahauta su ba da kai da ƙafa, ranar Juma'a a raba wa matan da mazansu suka mutu da baƙin da Legas ta tauna ta tofar. Wanda ke da ƙarfi a jika a ara masa baro ko keken ɗinki, in ya miƙe ya mayar a ba wani.

Alhaji Zubair ya kafa doka guda da bai yarda a taka ba har ya koma ga Allah. Tufafin da aka tara a Agege, Ijora ake kai su. Na Ijora kuma a kawo su Agege. Ya ce ba zai so talaka ya shiga masallaci wani ya bi shi da ido yana cewa a ransa, waccan tawa ce.

Sadisu a Ijora ya fara zaman Legas, yana dako a bakin manyan motoci, har gobara ta lashe ɗakunan kwanon da suke kwana. Daga nan ya gangaro Agege, ƙungiya ta ara masa keken ɗinki na hannu, ya dinga saɓa shi a kafaɗa yana kaɗa almakashi lungu-lungu. Yau yana da rumfarsa a gefen layin dogo, ya mayar da keken aro, kuma duk Asabar yana koya wa mutanen ƙungiya ɗinki ba ko kwabo. A nan Nuriyya ta san shi, a nan zuciyarta ta tafi ba ta yi shawara da kowa ba.

Tana goge kujerun falo Jabir ya shigo yana karkaɗa makullin mota. Ɗan Baffa Audi ne, mai motocin ɗaukar kaya a Ijora, kuma shi ke jigilar ƙunshin tufafin ƙungiya. Ya daɗe yana ganin Nuriyya tasa ce, kamar yadda yake ganin filin gado.

"Abeg, Nuriyya, ki bar wannan wasan," ya ce. "Ƙungiya ta ba shi keke, yanzu kuma 'yar mai ƙungiyar za a ɗora masa a kai? Wane irin bonanza ne wannan?"

"Buroda Jabir, ka bar ni in ji da abin da ke gabana."

"Na bar ki. Ina nan zaune, ni ma ina son ganin angon."

Ana idar da la'asar aka yi sallama. Nuriyya ta laɓe bayan labule. Malam Ɗanliti ne ya fara shigowa, wani dattijo mai yankan farce ɗan garinsu Sadisu, wanda shi kaɗai ne uban da yake da shi a Legas. Sadisu na biye da shi.

Ba ta taɓa ganinsa cikin babbar riga ba. Shadda ce mai ruwan sararin samaniya, da aikin wuya na hannu, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Ta zauna masa ɗas. Daɗi ya rufe Nuriyya, ta ce a ranta yau dai Baffa zai ga mutum.

Sai kuma daɗin ya fara tsinkewa. Akwai abin da idonta ya sani a jikin rigar nan, zuciyarta na ƙin ta faɗa mata.

Sadisu ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baffa Audi. Suna cikin tambayar mutanen gida Alhaja Mero ta fito daga ɗaki da faranti, goro da ruwan sanyi a kai. Ta yi taku biyu ta tsaya.

Farantin ya suɓuce. Goro ya watse a kan dandamali, kofuna suka tarwatse.

"Alhaji," ta ce, murya can ƙasa. Ta dafa bango ta zame ta zauna.

Sadisu ya dubi Malam Ɗanliti, Malam Ɗanliti ya dubi ƙasa, ba wanda ya gane abin da ya faru. Jabir ne ya gane, kuma Allah ya sani bai ji tausayin kowa ba. Ya miƙe a hankali, ya zagaya bayan Sadisu, ya sunkuya ya ɗaga gefen rigar na hagu.

"Baba, zo ka gani. Ka tuna ƙunar dutsen gugan nan? Ga ta an ɗinke ta." Ya saki rigar yana kaɗe yatsu. "Rigar marigayi ce. Ni na kai ƙunshin Ijora da motata bayan an yi sadakar arba'in. Oga, ashe har kayan zuwa neman auren ma mu muka ba ka?"

Nuriyya ba ta san sanda ta fito daga bayan labule ba.

"Buroda Jabir, ka ji tsoron Allah."

"Koma ciki," Baffa Audi ya daka mata tsawa. Ba ta koma ba, ta tsaya a bakin ƙofa hawaye na sauka.

Baffa ya gyara zama, ya daɗe yana shafa gemu. Da ya buɗe baki a tausashe ya yi magana, kuma taushin ya fi zagi ciwo.

"Yaro, mu ba ma ƙin mutum don talauci. Kowa ya san gidan nan. Amma ka duba da kanka. Ka shigo neman 'yar mamaci, sanye da rigar da aka yi wa mamacin sadaka da ita. Ga uwarta nan ka kayar. Gobe in aka ɗaura auren nan, me za a ce a Agege? A ce surukin gidan Zubair, mu muka ciyar da shi, mu muka tufatar da shi, muka kuma ba shi 'ya. Ni ba zan sa bakina a wannan ba. Ka tashi ka je, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Sadisu bai motsa ba. Gumi ya jiƙe masa goshi. Da ya yi magana, Alhaja Mero ya fuskanta.

"Inna, wallahi ban san ta wanga gida ta ba. Ranar da wuta tac ci ɗakinmu, daga ni sai gajeren wando na hito. Aka miƙo man ita cikin leda. Da na buɗe na ce wagga ba rigar dako ba ce. Na aje ta ƙasan jikka, ko da Salla ban taɓa sa ta ba. Na ce sai ranar da za ni gaban manyan da nake jin kunya."

Ya miƙe tsaye. A gaban kowa ya zare rigar ta kansa, ya rage daga shi sai wata 'yar shara ta yadi mai arha da ya ɗinka da hannunsa. Ya ninke babbar rigar a nutse, hannu kan hannu, ya shafe ta, ya ajiye a gaban Alhaja.

"Ki yahe man, na tada maki ciwo. Allah Shi jiƙan mai ita. Ya rufa man asiri bai san ni ba."

Ya sa takalminsa ya fita. Malam Ɗanliti ya tsince goron da ya gangaro kusa da ƙafarsa ya ɗora a kan tebur, ya bi bayansa.

Washegari da hantsi Nuriyya ta ce za ta ofishin ƙungiya, ta zarce bakin layin dogo. Ta tarar da shi zaune a gaban keke, ba ya ɗinki. Idonsa ya yi ja.

"Sadisu, ka dube ni."

"Ina jin ki."

"Ba ji na ce ba, ka dube ni. Me na yi maka? Ni na ɗaga rigar? Ni na yi maganar?"

"Ba ki yi komi ba, Nuriyya. Ni ma ban yi komi ba. Shi ya sa abin ba ya da magani."

Ta zauna a kan bencin masu jira, kuka ya ƙwace mata. Ta ce za ta koma wa Baffa, za ta je wurin limamin unguwa, za ta tara dattawan ƙungiya su yi magana. Ta ce shekarunta sun wuce a yi mata dole, in ba shi ba ta haƙura da auren gaba ɗaya.

"Babana ne ya kafa dokar kai kaya Ijora," ta ce, "don kada a yi wa kowa abin da aka yi maka jiya. Da yana raye, da shi zai gyara maka wuyan rigar da hannunsa."

"Na yarda. Amma shi ya ɗauka talaka waje ɗaya yake zama. Mu kuwa yau muna Ijora, gobe Agege, jibi inda Allah Ya jeha mu." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ki saurare ni. Yunwa na sani, wuta na sani, 'yan bindiga sun kore mu daga gonar ubana na kwana daji. Duk ban ji abin da na ji jiya ba. Ko an ba ni ke, duk ranar da na shiga gidanku ba ni za a gani ba, riga za a gani. In kin haihu, ɗiyana za a nuna a ce ga 'ya'yan mai rigar sadaka. Ba ni iya ja maki wannan."

"Ni na ce ina so. Ni zan ɗauka."

"Ke kina iyawa. Ni ne ba ni iya kallonki kina ɗauka."

"To ka yi min alkawari ba za ka bar garin nan ba. Sadisu, ka yi min alkawari."

Jirgi ya taho yana ruri, rumfar ta ɗauki rawa, har ya wuce. Bai yi alkawarin ba.

"Ki tahi gida," ya ce. "Hadari ya taso."

Kafin Juma'a labari ya gama Agege. Jabir ya ba da shi a wurin mai shayi, ya ba da shi a gareji, har da kwaikwayon yadda aka zare riga. Masu dariya suka yi dariya. Waɗanda ba su yi dariya ba su ne waɗanda kayan jikinsu daga ƙungiya suka fito.

Ranar rabo Nuriyya ta isa ɗan shagon da suke kira ofis, ta tarar da abin da ba ta taɓa gani ba. Babu layi. Maimakon mutane, ledoji ne jibge a bakin ƙofa: riguna, zannuwa, huluna, har da takalman yara. An dawo da su.

Tana tsaye Iya Dije ta iso, wata tsohuwa da ke riƙon jikoki marayu, ta ajiye nata ƙunshin a kan sauran.

"Iya, me ya faru? Ai na Ijora ne, ba wanda ya san su a nan."

"Haka aka ce wa yaron nan ma," in ji tsohuwar. "'Yar nan, ku riƙe. Tsummana ba mai ɗaga shi a gaban mutane."

"To ki karɓi shinkafar, saboda yara."

Iya Dije ta dubi buhun, ta daɗe tana dubansa. Nuriyya ta san tun jiya wataƙila ba a ɗora tukunya a gidan ba. Tsohuwar ta ja mayafinta ta juya.

Nuriyya ta koma gida jiƙe da ruwan sama, ta shiga ɗakin mahaifiyarta ba ko sallama. Tun ranar da abin ya faru Alhaja Mero ba ta fita tsakar gida ba. Tana zaune a bakin gado, rigar na kan cinyarta.

"Mama, sun dawo da kaya. Ba wanda ya zo karɓar abinci. Abin da Baba ya gina tsawon ransa, Buroda Jabir ya rushe shi da yatsu biyu, kuna kallo."

Alhaja ta juya gefen rigar na hagu, ta miƙo mata.

"Duba nan."

Nuriyya ta duba. Inda ƙunar take an bi shi da zare mai launin shaddar, siriri ƙwarai, an saƙa shi a hankali har ramin ya rufe. Sai ka kai ido kusa za ka gane.

"Ina amarya na ƙona ta," in ji Alhaja. "Na yi ta kuka, babanki yana dariya, ya ce a bar ta haka, hatimina ne. Kullum ina cewa zan kai a gyara, kullum ina cewa gobe, har aka fita da shi." Muryarta ta karye. "Da na ba da ita ban iya ko ninke ta ba, cusa ta na yi a buhu. Yaron nan ya wanke ta, ya ɗinke ta, ya adana ta fiye da yadda na adana. Ni kuma na zauna a ƙasa ina ji ana ci masa mutunci, bakina ya ƙi buɗuwa."

Ta share ido da gefen ɗankwali, ta ninke rigar yadda Sadisu ya ninke ta.

"Babanki bai taɓa karɓar abin da ya bayar ba. Ba za a fara a bayan ransa ba. Oya, ɗauki ki kai masa."

"Mama, kin yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba. Wannan tsakanina da Audi ne, zan same shi. Na ce ki mayar wa mutum rigarsa. Ki ce in ya tashi dawowa gaishe ni, ita nake so ya sa."

Nuriyya ta rungume rigar a cikin hijabinta ta fita da gudu. Ba ta jira ruwa ya tsagaita ba. Ta bi ta cikin taɓo, ta tsallake kwatoci, masu motocin danfo na yi mata ihu.

Rumfar na nan, amma babu keke, babu benci. Malam Ɗanliti ne kaɗai a rakuɓe yana fakewa, akwatin aikinsa a gefe. Da ya gan ta sai ya kawar da kai.

"Baba, ina yake?"

"Ya kai nashi keken ofishinku tun da sahe, ya aje bayan ƙofa. Ya ce a ara wa wani."

"Shi nake tambaya. Ina shi?"

"Ya bi motar shanu da ke komawa Arewa. Daga mahautar Abbatuwa suka tashi bayan an sauko Juma'a."

"Wane gari? Baba, ka faɗa min sunan garin, ko gobe sai in sa a bi shi."

Dattijon ya ɗago ya dube ta, idonsa ya cika.

"Ɗiyata, wane gari? Garinmu ba kowa cikinsa, an watse tun bara waccan. Ni ma na tambaye shi ina za shi. Ya ce inda ba a san shi ba."

Ta zaro waya ta kira lambarsa. A cikin akwatin Malam Ɗanliti ta ji tana ƙara. Tsohon ya buɗe ya ciro ta, ya riƙe a tafin hannu, bai san ko ya miƙa mata ba.

Nuriyya ta zauna a kan dutsen da ƙafar keken ke hawa. Ruwa na zuba ta ramukan kwano yana sauka a kanta, a kafaɗunta, a bayanta. Ta ƙara duƙawa a kan abin da ke cikin hijabinta, don kada rigar ta jiƙe kafin mai ita ya sa.